Ranar da Inna Ta Ce “Ei”

Innarmu ba ta iya cewa tana son abu ba. Tun ina ƙarama na san haka. Ka miƙa mata kofin shayi da safe, ka san sarai ba ta karya ba, za ta ce a'a, ta ƙoshi. Ka sake miƙawa, ta ce kai dai ka sha. Sai ka ajiye mata a gefen tabarma ka kau da kai, sannan za ka ji ƙarar cokali. Haka aka tarbiyyantar da ita a Miga, haka ta zo da halinta Dutse lokacin da marigayi Babanmu ya gina gida a Yalwawa, mu 'ya'yanta kuma duk mun san hanyar bi da ita. A'ar Inna ta farko gaisuwa ce kawai.

Wanda ya fi kowa sanin wannan, a zatona, shi ne Yaya, ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. “Yayanki” take ce mini, in kuma ya ɓata mata rai ya koma “wancan na ƙasar sanyi”. Karatu ne ya kai shi Finland, aiki ya riƙe shi, ya auri 'yar ƙasar, Allah ya ba su ɗa namiji. Inna ba ta taɓa ganin yaron ba sai a waya. In aka ɗago shi gaban gilashin, ta dinga tsokanarsa da “angona”, tana ce masa ya yi maza ya girma ya kawo cefane. Amma ni da nake shiga ɗakinta kullum na san ba girmansa take sauri ba. Ta sayi sabon majanyi, saƙi fari mai ratsin baƙi, ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Duk jikokinta ta goya su, har da nawa. Wannan ne kaɗai bai ji ɗumin bayanta ba, goyo kuwa yana da lokacinsa.

Shekarar da aka haife shi suka ce za su zo Babbar Sallah. Inna ta sa aka yi wa ɗakin baƙi fenti, aka gyara banɗaki, ta aiki maigidana kasuwar Shuwarin ya ƙaro rago. Ana saura 'yan makonni suka kira. Matar Yaya doguwa ce mai ƙarancin magana. Ta ce da Turanci, Yaya yana fassarawa, tafiyar tana da nisa ga jariri, ga sauro, likita ya ce su yi tunani. Amma in Inna tana so su zo, za su zo. Tana so?

Inna ta gyara mayafi ta ce, “A'a, a'a, kada ku wahalar mini da yaro. Ku bari sai ya yi ƙwari.”

Ina zaune ina jiran Yaya ya ce haba Inna, ai mun riga mun shirya, ita kuma ta ce to Allah ya kawo ku lafiya. Sai na ji ya juya yana mayar wa matarsa maganar yadda take, bai rage ba bai ƙara ba. Matar ta gyaɗa kai ta ce ta gode da Inna ta fahimta. Shi ke nan, aka koma zancen ruwan sama. Ragon nan mu muka cinye shi, ɗakin kuma har warin fenti ya fita babu wanda ya kwana a ciki.

Washegari na kira shi ni kaɗai na zazzage masa.

“Yaya, kai ba a gidan nan aka haife ka ba? Yaushe a'ar Inna ta zama a'a?”

“Na tambaye ta, ta ba da amsa.”

“Sau ɗaya ka tambaya!”

Ya yi shiru, irin shirun da ya koyo a can, wanda sai ka duba waya ka ga ko layi ne ya yanke. Can ya ce ai a ƙasar nan sau ɗaya ake tambaya. In ka yi wa mutum tayin abinci ya ce a'a, ɗauke kwanon ake yi, don nacewa raini ne, kamar kana cewa bai san cikinsa ba. Ya ce kuma tun kafin aure ya yi wa matarsa alkawari ba zai riƙa gyara maganar mutane ba in yana mata tafinta. Na ce to Allah ya ba da ladan alkawari, na kashe wayata. Wallahi da yana kusa da na faɗa masa abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Da shekara ta kewayo, takardun zaman Yaya suna hannun hukuma ana sabunta su, ba shi da damar fita ƙasar. Sai suka kawo wata shawara: Inna ta je can in lokacin zafinsu ya zo, wanda yake daidai da daminarmu, ni kuma in raka ta tunda makarantar da nake koyarwa tana hutu. Matar za ta aiko da takardar gayyata, wadda sai da ita ake neman biza. Sharaɗinta ɗaya. Ba za ta jawo tsohuwa wannan doguwar tafiya ba sai ta ji daga bakin tsohuwar cewa tana so.

Nan na san aiki ya same ni. Na ce wa Yaya ya ba ni lokaci, zan shirya ta.

Kullum in na tashi daga makaranta sai in hau acaba in biya ta Yalwawa. Bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, in kunna saƙonnin murya da Yaya yake aiko mini, in haɗa da abin da na karanto a waya, in fara koya wa Inna ƙasar da ni ma ban taɓa gani ba. Na koyar da 'yammata masu taurin kai shekara da shekaru, amma ban taɓa samun ɗaliba irin Inna ba.

Darasin farko ne kaɗai ya tafi lafiya. Na ce mata a can ba a shiga gidan mutum da takalmi, a bakin ƙofa ake cirewa. Ta ce, “Ashe suna da tarbiyya.” Na ji daɗi, na ce lamarin zai zo da sauƙi. Sai na shiga zancen mota. Na ce in mun hau bas, ba a zama kusa da wanda ba ka sani ba matuƙar akwai kujerar da ba kowa, ba a ɗaga murya, kuma ba a gaisawa.

“Ba a me?”

“Ba a gaisawa, Inna. In ba ki san mutum ba, ki yi shiru kawai.”

“Gaba muke da shi?”

“Ba gaba ba ce. Girmamawa ce a wurinsu, ki bar mutum da tunaninsa.”

“To in ban gaishe shi ba ta yaya zan san shi?”

Wannan mace ce da in ta hau a-daidaita-sahu daga Yalwawa zuwa kasuwa, kafin ta sauka ta san garin direban, ta san matarsa ta kusa haihuwa, ta kuma ba shi sunan maganin basir. Na ce mata ta daure na wata ɗaya. Ta ce ita dai ba ta ce za ta je ba. Da wannan maganar take rufe kowane darasi, ni kuma kowane lokaci sai in ji kamar in ɗora hannu a ka.

Mun yi rigima a kan lokaci. Na ce in sun ce ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu suke nufi, babu “bayan la'asar”, babu “in rana ta yi sanyi”. Ta ce to su ba sa cewa in Allah ya so? Mun yi rigima a kan rana, da ta ji cewa a lokacin da za mu je rana ba ta faɗuwa sai mutane sun daɗe da kwanciya, kuma ko ta faɗi gari ba ya yin duhu sosai. Ta ce sallarta fa? Na ce masallacin su Yaya yana da jadawali, shi ake bi. Ba ta yarda ba sai da ta aiki maigidana wurin limamin unguwa. Amma babbar rigima a kan man shanu aka yi ta. Ashe tun tuni ta aika Miga a tara mata mai kyau, za ta soya ta kai wa angonta, da kilishi da dambun nama na iyayensa. Na ce nama da duk abin da ya fito daga madara ba a shiga da su, a filin jirgi za a karɓe a zubar.

“Man shanun ne haram?”

“Doka ce, Inna.”

“In je ganin jika hannu rabbana?”

Na ce Yaya ya ce kuka da busasshiyar kuɓewa ba matsala, daddawa ma in an ƙunshe ta yadda ba za ta tashi mutanen jirgi ba. Ta ce wa ya taɓa kai wa jariri tsarabar daddawa. Ta juya mini baya, ranar ko sallama ba ta amsa mini da kyau ba.

Abu ɗaya ne ya ba ta dariya har ta riƙe ciki. Na ba ta labarin wani ɗaki na katako da kusan kowane gida yake da shi, suna ce masa sauna. Ana gasa duwatsu a zuba musu ruwa, tururi ya cika ɗakin, mutum ya zauna yana gumi yana bugun jikinsa da ganye. Yaya ya ce in an gayyace ka shiga an girmama ka ne, amma in ba ka so babu dole. Inna ta saurara, ta tambaya ruwan zafi da ganye, na ce e. Ta ce, “Wankan jego ke nan. Har da maza?” Na ce har da maza. Ta ce wato yayanki ma yana yi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai mutanen nan suna tausayin matansu tunda suna taya su.

Duk wannan share fage ne. Ainihin darasin shi ne Inna ta iya amsa tayi tun daga farko, a nan kuma na sha wuya. Na ce bari mu gwada, ni ce matar Yaya. Na haɗo shayi mai kauri irin wanda take so, na tsaya a kanta na ce, “Inna, za ki sha?”

“A'a, na ƙoshi.”

Na juya da kofin na nufi kicin.

“Ke! Ina za ki kai mini shayi?”

“Kin ce kin ƙoshi.”

“To don na ce?”

“Haka za su yi miki a can. Su ɗauke, ki kwana da yunwa, su kuma suna ganin sun kyauta miki.”

Ta ce wannan ba tarbiyya ba ce, rowa ce aka sa wa riga. Mun yi ta maimaitawa har shayi ya huce. Da ƙyar take kaiwa “to, ajiye”, ko “yadda kika gani”. In na ce ta ce tana so, sai ta tsuke baki kamar na ce ta yi ashar. Wata rana da na matsa mata ta ce, “Ke ba ki gane ba. Wanda ya san ka ba ya bari sai ka ce kana so.” Na gane sarai. Amma gane wannan ba zai kai ta Finland ba.

Sai dabara ta zo mini. Na ce tunda da Hausa bakinta ba ya iyawa, wataƙila da yaren da ba nata ba kunyar za ta ragu. Na nemo kalmomi kaɗan. Gaisuwarsu “hei”, ta ce wannan ai kiran akuya ne. Godiya “kiitos”, wannan ta riƙe shi da wuri. Sai kalmar amincewa, “kyllä”, wadda harshenta ya ƙi. Na ce ta tuna ƙulla, kamar ƙulla zumunci, kamar ƙulla majanyi. Ta ce, “Ƙulla.” Na ce ya yi, ko su ba za su fi haka ba. Kalmar a'a kuwa ko nemanta ban yi ba. Na ce wadda Inna take da ita ta ishi ƙasa biyu. Don jin daɗi har na aika wa matar Yaya saƙo cewa Inna tana koyon yarensu saboda ita, ta amsa cewa abin ya taɓa zuciyarta.

Da na ga mun shirya, na sa ranar kira. Da gangan na zaɓi lokacin da Yaya yake wurin aiki, don ban manta da tafintan da ya yi mana bara ba. Na ce wannan karon ni zan tsaya a tsakani.

Bazara ce, zafi kamar ana gashi, ba wuta, muna zaune a inuwar darbejiya na jingina wayar da kwanon sha. Matar ta fito a gilashi, yaron yana tsaye a jikin gwiwarta yana dafe da ita. Aka gaisa. Inna ta ce “hei”, ta ce “kiitos”, matar ta yi murmushi. Sannan ta daidaita zama ta yi tambayarta, ba kwana-kwana.

Na ce, “Inna, tana tambaya. Kina so ki zo?”

Inna ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Na matsa kusa ina motsa baki ina nuna mata ƙulla. Ba ta dube ni ba. Matar ta zuba ido tana jira, su shiru ba ya damunsu. Ni kuwa gumi har cikin idona. Ana haka yaron ya miƙo hannu ya daki gilashin wayar da tafinsa yana gwaranci. Inna ta ɗago. Duk yaren da na koya mata ya gudu, abin da ya fito nata ne na Miga, e ɗin nan na tsofaffi mai ɗan jela.

“Ei,” ta ce, a hankali. Sai ta ƙara da ƙarfi, “Ei. Ei.”

Kaɗan ya rage in rangaɗa guɗa. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta amsa tayi a tambayar farko ba. Na buɗe baki zan fassara, matar ta ɗaga hannu ta ce ba sai na fassara ba, ta ji da kunnenta. Ta ce ta fahimta, kuma ta gode da Inna ta faɗa mata gaskiya da bakinta. Ta ce lokacin abincin yaro ya yi, ta yi sallama.

Na ji haushi. Tsohuwa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ke ko haƙoranki ba za ki nuna ba? Amma na ce wa Inna haka suke, murnarsu a ciki take. Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ba ta fito ba sai magariba, kamar wadda aka kama da laifi.

Daga nan muka shiga shiri gadan-gadan. Aka sabunta fasfo. Muka je Kano, Ƙofar Wambai, wurin 'yan gwanjo, saboda Yaya ya taɓa cewa zafinsu ma yakan zo da iska mai sanyi. Na ce rigar sanyi marar nauyi ta isa. Inna ta zaɓi wadda ta fi kowace nauyi a rumfar, baƙa har gwiwa, da hular ulu da safar hannu. Ta fito da majanyin daga ƙasan akwati ta ɗora shi a sama. Labari kuwa ya zaga Yalwawa, mata suna shigowa yi mata Allah ya kiyaye hanya, kowace da saƙon abin da za a sayo mata.

Sai muka zauna jiran takardar gayyata.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, ba takarda. Yaya yana kira duk Juma'a kamar yadda ya saba, amma gaisuwarsa ta gajarce. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi damina, ya yi sallama. Zancen tafiya ko da wasa. Matar ba ta ƙara fitowa ba, yaron ma sai jefi-jefi. Na ce wa Inna bari in tambaye su. Ta ɗaga mini yatsa.

“In kika tambaye su ban yafe ba. Na faɗa, sun ji. Ba zan roƙi ɗan da na haifa ba.”

Na bi umarninta, kuma gaskiya ni ma zuciya ta ɗebe ni. Na ce wato sun sa ta ta zubar da kunyarta ne kawai don su ji yadda za ta yi. Na saƙa abubuwa da yawa a raina game da matar nan, babu mai kyau ko ɗaya. Hutun makaranta ya zo yana tafiya, gero ya fitar da kai, akwati yana jingine a bango a ɗaure.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani suna da aka yi a layinsu. Wata maƙwabciya ta ga Inna ta ce, “Lale da mutanen Turai, har kin dawo?” Ba da mugunta ta faɗa ba. Inna ta yi dariya ta ce jirgin ne bai cika ba. Da muka dawo gida ta buɗe akwati, ta ɗauko majanyin ta miƙo mini.

“Ki kai wa mai jegon nan. Ita tana da abin goyawa.”

Na karɓa na sa a jakata. Ban kai ba. Ina fita ƙofar gida na tsaya a gindin katanga na kira Yaya, na ce in ya so Inna ta yi fushi da ni.

“Yaya, ina takardar?”

“Wace takarda?”

“Wace takarda? Ta gayyata mana! Kun sa tsohuwa ta ɗaure akwati, unguwa tana mata dariya.”

“Wane akwati? Ai Inna ta ce ba za ta zo ba.”

“In ji wa?”

“In ji bakinta. Ke ma kina wurin. Har nanatawa ta yi, kuma da yarensu. Na dawo na tarar da matata tana kuka. Ta ce tsohuwa ta zauna ta koyi harshenta takanas don ta ƙi ta ba tare da tafinta ba.”

Na ce, “Me ta ce maka Inna ta ce?”

“Ta ce ta ce ei.”

“To ei ɗin fa? Ei ba e ba ce?”

Shiru. Wannan karon ba irin nasu na can ba ne. Can na ji ya ce innalillahi, ya sake cewa innalillahi. Ya ce a yarensu ei shi ne a'a. Matarsa da yarensu ta ba shi labari, shi kuma da yarensu ya ji, ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa Hausa Inna ta yi ba.

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya a titi ba, har wani mai acaba ya rage gudu yana kallona. Na ce duk Juma'ar duniya kana kiranta, bakinka bai iya cewa Inna me ya sa ba? Ya ce shi ma ransa ne ya ɓaci, bara ta ce kada su zo, bana ta ce ba za ta je ba, ya ɗauka auren ne har yanzu ba ta so. Na ce, “Kuma sau ɗaya ake tambaya, ko?” Da na huce kaɗan na ce to a aiko da takardar gobe. Ya ce ko an aiko, kafin biza ta fito zafinsu ya wuce. Abin da ke biye duhu ne da ƙanƙara a kan hanya, masu ƙafa lafiya ma suna faɗuwa, balle Inna da gwiwarta. Shi kuma takardunsa ba su fito ba. Sai dai baɗi.

Na koma ciki na same ta tana tsince shinkafa. Na zauna na warware mata komai. Na ɗauka za ta yi dariya irin ta ranar wankan jego, don abin in a kan wani ya faru abin dariya ne. Ba ta yi ba. Ta ajiye farantin.

“Wato sau ɗaya a rayuwata na buɗe baki na ce ina so, ashe a'a na ce.”

Na ce ba laifinta ba ne.

“Ke da kike malamar, ba ki san wannan ba?”

Na ce ban nemi kalmar ba. Ta dube ni, ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Na fi son a ce zagina ta yi.

Ranar Juma'a Yaya ya aiko cewa matarsa tana so ta sake tambaya. Ya ce in sani wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, ba ta taɓa tambayar mutum abu sau biyu ba. Na ce ita ma wadda za a tambaya ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Na faɗa wa Inna, ta ce to, ta shiga ɗaki. Lokacin kira ya yi ba ta fito ba. Hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa, garin ya yi ɗif, ko ganye ba ya motsi. Wayar ta fara ƙara, na amsa, ga su nan su biyu da yaron a cinyar uwarsa, ni kuma ina ta ƙwala wa Inna kira ina cewa a raina shi ke nan, ta fasa.

Sai ga ta. Baƙar rigar gwanjon nan har gwiwa, an ja zip har wuya, hular ulu a kan ɗankwali, safar hannu, gumi yana bin fuskarta. Ta zo ta zauna gaban wayar da ƙyar saboda nauyin rigar. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba.

“Ba ni abin da na ba ki. Na san ba ki kai ba.”

Na ciro majanyin daga jaka. Matar Yaya ta yi tambayarta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ban fassara ba, Yaya ma bai fassara ba. Inna ta ɗaga majanyin gaban gilashi, ta kama bakinsa biyu da safar hannunta, ta ɗaure su tamau.

“Ƙulla,” ta ce.

Matar ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Yaya ya kau da kai. Yaron kuwa ya gaji da zama. Ya zame daga cinyar uwarsa, ya dira, ya kwasa a guje ya ratsa ɗakin har ya fita daga gilashin. Inna ta bi shi da ido, ta karkata kai kamar za ta leƙa bayan wayar.

Da aka kashe na taya ta cire rigar, zaninta ya jiƙe sharkaf. Ta daɗe zaune da majanyin a cinya.

“Ashe har gudu yake yi,” ta ce.

Ta kwance ƙullin, ta ware majanyin, ta auna shi da kamu daga wannan baki zuwa wancan. Sannan ta miƙo mini.

“Wannan ki kai wa mai jegon. Ki samo mini wanda ya fi shi tsawo.”